Jarkokin da Aka Ce a Binne

Nassarawa GRA, Kano
3 ga Agusta

Zuwa ga ƙanwata Uwani,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar lelena Yusra. Ni dai ƙalau nake, sai ciwon bayan nan da ba ya rabuwa da mai aikin sunkuyo.

Inuwa direba ya ce min har yanzu ba a tayar da ƙarfen sabis ɗin da iska ta kayar ba, shi ya sa wayarki ba ta shiga. To, mun koma zamanin da. Duk Laraba in ya sauke kayan gwari a kasuwar 'Yankaba zan riƙa leƙawa, tunda daga gidan Alhaji Badaruddeen da nake aiki ba nisa. Ki riƙa ba shi takarda, ki rubuto min duk abin da ake ciki a Rafin Marke, har wanda bai kai a faɗa ba.

Ga tsaraba nan na ba shi: sabulu, da takalmin Yusra, da jarkoki shida masu ruwan ɗorawa. Ki dube su da kyau, ba irin na kasuwar ƙauye ba ne da murfinsu ke shan iska. Na wake ne. In kaka ta yi ki cika su dam, ki ɗaure murfin tamau, ki gani ko ƙwaro ɗaya zai rayu a ciki. Bara rabin wakenki gari ya zama, takaicin abin har Kano ya biyo ni. In an tambaye ki inda na samo su, ki ce saya na yi.

Aiki sai godiya. Mu da muka tashi muna nome ciyawa muna zubarwa, yau ga ni ina ba ta ruwa safe da yamma, ina yi mata aski, in ta yi ja Hajiya ta tambaye ni me na yi mata. In Baba ya dawo duniya ya ga sana'ata, sai ya koma.

Ki gaishe min da Inna Luba gaisuwa ta musamman. Ki ce mata ɗan da ta shayar lokacin da ciwo ya kwantar da mahaifiyarmu bai manta da ita ba. Goronta na cikin ledar sabulu.

Yayanki,
Shu'aibu

*

Rafin Marke
9 ga Agusta

Yaya Shu'aibu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, maigidan yana gaishe ka, Yusra kuma ta ce a gaya maka takalmin ya yi kyau. Ni kuwa na ce a gaya maka shekararta huɗu, ba goma ba. Sai mun cusa tsumma a gaba take iya takawa, amma ko barci za ta yi ba ta yarda a cire mata.

Jarkoki sun iso, sun kuma tara mana 'yan kallo. Matan unguwa sai shafa su suke kamar an kawo kayan ɗaki. Na ce saya ka yi, yadda ka ce in ce. Ni dai na san Yayana, ko tsinken sakace ba ya iya gani a yashe ya wuce, amma na ja bakina na yi shiru. Na jere su a rumbu suna jiran kaka.

Ka ce in ba ka labarin gari. Ruwa kullum, gero ya yi ciki, masara har an fara gasawa. Rafi ya cika yana lasar gadar Garin Liman, dattawa na cewa rabon da su ga haka tun shekarar da aka haife ka. Katangar masallaci ta gabas ta zube, an yi gayya an tayar da ita a wuni ɗaya. Akuyar dagaci ta haifi uku, ya bi gari yana faɗa kamar shi ya yi naƙudar. Ƙasimu mahauci ya sake rigima a kan wurin yanka, har ya zare wuƙa kafin a riƙe shi. Ka san shi, zuciyarsa a kusa take.

Abin da ya ɗan taɓa mana hankali shi ne yara uku 'yan Islamiyya sun kwanta da amai da murɗar ciki tun shekaranjiya. Wasu na cewa ɗanyar masara ce, wasu na cewa sabon ruwa. Allah dai ya sawwaƙe.

Inna Luba ta karɓi goro, ta yi ta sa maka albarka har da ƙwalla. Takarda ta cika, sai wani makon.

Ƙanwarka,
Uwani

(A bayan takardar, da ƙananan baƙaƙe:)

Na manta. Tunda wake sai kaka, na ara wa Inna jarka biyu. Tulun da take zuba kunun sayarwa ya tsage, ga shi ya yi mata nauyi. Na san ba za ka ƙi ba.

*

Kasuwar 'Yankaba
10 ga Agusta

Uwani,

A tsaye nake rubuta wannan a jikin motar Inuwa, yana ta danna min oda. Na karanta taki a gurguje, na ji daɗin kuna lafiya. Maganar takalmi kuma, ai yaro girma yake yi.

Batun yaran nan bai kwanta min ba. Lokacin amai da gudawa ne, a Tudun Wada ma na ji an kwantar da mutane. Ameera 'yar Alhaji likita ce, kullum cewa take a tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu, wanda ya kamu a yi ta ba shi ruwan gishiri da sukari. Ki yi haka, ki gaya wa maƙwabta, rigakafi ya fi magani. Kada ki bar Yusra ta sha ruwan rafi ko da wasa.

Ki gai da kowa.

Shu'aibu

*

Rafin Marke
23 ga Agusta

Yaya,

Ka yi haƙuri, makon jiya Inuwa ya je maka hannu rabbana. Ban iya riƙe biro ba. Gaisuwar ma a gajarce zan yi ta, don ba lafiya muke ba.

Sa'adatu 'yar Ƙasimu ta rasu ranar Alhamis, 'yar shekara biyar, wadda suke wasan 'yar tsana da Yusra. Yusra ma tana kwance, yau kwana huɗu. Na tafasa ruwan, na ba ta na gishiri da sukari, duk yadda ka ce. Wannan ba ciwon da ka zata ba ne. Miyau ne ke ta dalala, gumi ya jiƙa ta sharkaf, naman jikinta yana rawa shi kaɗai, ƙwayar idonta ta ƙanƙance kamar kan allura. Ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi na Garin Liman ya zo ya duba, ya ce shi bai taɓa ganin amai da gudawa mai irin wannan kama ba. Da marigayiyar, yara tara ke nan.

To ka san garinmu, in ciwo ya rasa suna sai a nemo masa uwa. A bakin rijiya aka fara tsegumin: duk yaran nan suna tsayawa a ƙofar Inna Luba in an tashi daga Islamiyya. Wata ta ce ko kunun ne, aka ce ina, shekara talatin tana damawa, manya ma suna sha, ita ma tana sha, in ban da ɗan jiri ba babban da ya kwanta. Tunda ba kunu ba ne, to mai kunun ce. Yaya, sun ce Inna mayya ce, wai ta kama kurwar yara.

Yanzu kowa ya tuna baƙuwa ce da aure ya kawo daga arewa, ya tuna ta binne miji da 'ya'ya uku ita tana nan daram. Ba wanda ya tuna ita ta yanke cibiyar rabin garin nan. Kai ma ba su bar ka ba, wai maita a nono ake sha, a bi a hankali da mai lambun Kano. Malam Falalu liman ya yi huɗuba a kan zato da ƙazafi, mutane suka ce amin, suka fito suka ɗora daga inda suka tsaya. Ƙasimu kuwa tun da aka dawo daga maƙabarta bai yi magana da kowa ba. Yana zaune a ƙofar gidansa yana wasa wuƙa, alhali bai yanka ko kaza ba tun ranar.

Jiya na shiga wajenta. Tana zaune ita kaɗai, ga jarkokinka biyu cike da kunu ba mai saye. Ta ce ko da ciniki ya tsaya ta gode wa ɗanta, don tun da ta fara juye kunun da zafinsa a cikinsu bayanta ya huta da ɗaukar tulu.

Tsoro nake ji, Yaya. Ina tsoron rasa Yusra, ina tsoron wayewar garin da za a ce an yi wa Inna wani abu. Kai kake cikin masu ilimi, ka tambayar mana.

Uwani

*

Nassarawa GRA, Kano
24 ga Agusta

Uwani,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Sa'adatu, ya tashi kafaɗar Yusra. Na roƙi Inuwa ya jira ni zuwa la'asar. Ki karanta wannan ke kaɗai, ko maigidanki kada ya gani.

Da na kai inda kika ce kunu a jarkokina, sai na bar Inuwa a kasuwa. Na dawo ɗaki da gudu na lalubo takardarki ta farko, sai yau na juya bayanta. Wallahi ban taɓa ganin layukan nan ba. A tsaye na karanta ta ranar, na ninke na sa a aljihu.

Ba saya na yi ba. A watan jiya gara ta cinye rufin ɗakin baƙi, aka kirawo masu feshi suka yi kwana uku suna aiki, fuskokinsu a rufe. Da suka gama suka bar jarkokin maganin a bayan gida. Hajiya Maryam Nana da bakinta ta ce min, “Malam Shu'aibu, ka huhhuda su ka binne, ko ruwan wanki kada a zuba a ciki.” Na ɗauko ƙusa, na dubi jarka sabuwa fil, na tuna wakenki, hannuna ya ƙi. Na ce a raina mutanen nan ba su san zafin nema ba ne. Na ɗauraye su sau ɗaya. Akwai takarda manne a jikin kowacce da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, na jiƙa na kankare, don kada mai gadi ya gane su a bakin ƙofa. Na ce busasshen wake ne, ana wankewa kafin a dafa, me zai faru.

Ɗazu na tare Ameera za ta fita aiki, na ce wani ne a garinmu ya tambaye ni. Ta ce roba tana shan irin wannan maganin, wanki ba ya fitar da shi, abu mai zafi kuwa jawo shi yake. Ta ce abin da zai sa babba jiri shi zai kayar da yaro. Ban gaya mata alamomin ba, ita ta lissafo min su, miyau da gumi da rawar jiki da ƙanƙancewar ido. Ta ce duk wanda ya sha a kai shi asibiti, a faɗi abin da ya sha. Sannan ta tsaya tana kallona, ni kuwa na sunkuya ina tsinke ciyawar da ba ta yi komai ba.

Uwani, ki rufa min asiri don Allah. Ki je ki karɓo biyun nan, ki ce kina bukatarsu, ki haɗa da huɗun ki binne inda ba mai gani. Ki kai Yusra Garin Liman, ki ce kina zaton maganin ƙwari ta taɓa a gona. Kada ki ambaci sunana. In Ƙasimu ya ji, kin san abin da zai yi. In Hajiya ta ji, aikina ya ƙare, ƙila har da 'yan sanda. In yara suka daina sha za su warke, in suka warke maganar Inna za ta mutu da kanta.

Ki yi haƙuri da rubutun.

Shu'aibu

*

Rafin Marke
6 ga Satumba

Yaya Shu'aibu,

Ina gaisuwa, ko da yake ban san ko kana da lafiyar amsawa ba. Mako biyu ba takarda ba saƙon baki. Na san gada ta karye tun daren Larabar da Inuwa ya je Kano, an ce motarsa na can tsallake ta maƙale. Amma masu kwalekwale na ketarawa, wanda ya damu yana samun hanya. Wannan ma wani mai kifi na ba, ya ce zai bi ta Kawaji ya miƙa wa mai gadinku.

Yusra ta tashi, alhamdu lillahi, har ta nemi takalminta. Sauran yaran ma duk sun tashi. Ya kamata in yi murna, amma bari ka ji yadda aka yi.

Matan gari suka matsa wa dagaci sai an yi tsallake. Ka san abin da ake cewa, in mayya ta tsallake wanda ta kama, ta sake shi. In ta ƙi, an ce so take su mutu. In ta yarda, ta amsa laifinta. Ranar Litinin ta makon jiya bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar dagaci, aka kwantar da yara takwas a jere. Ban so kai Yusra ba, uwar mijina ta fizge ta daga hannuna. Malam Falalu ya tsaya yana cewa a ji tsoron Allah har muryarsa ta dishe. Abin da ya iya kawai shi ne hana a tuɓe mata mayafi.

Aka zo da Inna tana dogara sanda. Na zaci za ta yi kuka, ko ta nemi a kawo Alƙur'ani ta dafa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dubi dagaci ta ce, “In na tsallake, magana ta ƙare a kaina? Ba za a ƙara ambaton kowa ba?”

Dagaci ya ce ta ƙare.

Ta ajiye sandar, ta kama zaninta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da gwiwar nan tata mai ciwo. Yusra ce ta shida. Da ta zo kanta sai yarinyar ta buɗe ido ta ce Inna, ta miƙa mata hannu. Ba ta kalle ta ba, ta ɗaga ƙafa ta wuce. Ƙasimu yana gefe maza huɗu sun riƙe shi, yana cewa, “Tawa fa? Wa zai tsallake min tawa?” Har yanzu muryar na cikin kunnena.

Bayan kwana biyu yara suka fara zama, bayan huɗu suna wasa. Yanzu wa zai ce ƙarya ne? Dagaci ya yanke cewa ranar da ruwa ya janye mota ta shigo, Inna za ta bar garin. Ya ce ya yi haka ne don ya tsirar da ranta, ba zai iya tsare ta daga Ƙasimu har abada ba. Ina za ta? Danginta na arewa ko sunan garinsu ba wanda ya riƙe. Ba mai gaishe ta, ba mai ɗebo mata ruwa, tukunyar kununta a kife take. Jiya an watsa wa ƙofarta toka.

Ga abin da ya fi ci min rai, kai kaɗai zan iya gaya wa. Shekaranjiya Yusra ta ruga za ta shiga gidan Inna, na ji hannuna ya damƙo ta tun kafin in yi tunani. Inna tana tsaye ta gani. Yaya, ni ma na fara jin tsoronta. Na ga 'yata a bakin mutuwa, na ga an tsallake ta, na ga ta tashi. Ka gaya min me zan yi da abin da idona ya gani.

Uwani

*

Rafin Marke
20 ga Satumba

Shu'aibu,

Yau ba zan iya ce maka Yaya ba, ka yi haƙuri. Lafiyarmu ƙalau, in kana son ji.

An cike bakin gada da ƙasa, Inuwa ya shigo shekaranjiya. Ya ciro takardarka daga aljihun mota, ta sha ruwa ta bushe, amma tana karantuwa. Sau uku na karanta ta a bayan rumbu. Kusan wata guda ta yi a tsallaken rafi, amsar duk abin da muke kuka a kai tana ninke a ƙarƙashin lasin Inuwa.

Na tafi wajen Inna kai tsaye, ban damu da masu kallo ba. Na tarar ta ɗaure kayanta, ƙullin bai kai buhun gero ba. Na ce ina jarkokin. Ta nuna min gindin zogalenta da haɓa, ƙasar wajen har ta fara fitar da ciyawa.

Ta riga mu sani. Washegarin ranar da na je na same ta da kunun da ba mai saye, ta juye shi, ta ɗauraye jarkokin da ruwan zafi ta watsa a tsakar gida. Kazarta ta sha, ba ta kai azahar ba, miyau na fita a bakinta. Inna ta ce ta daɗe tana jin wani wari-wari a jikinsu, ta zaci warin sabuwar roba ne, ta ƙara citta da kanumfari. A ranar ta haƙa rami da hannunta. Kwana shida kafin tsallake ke nan. Ta san yaran za su tashi ko ba a tsallake su ba, tunda an daina sha.

Na ce Inna me ya hana ki faɗa, ga kaza, ga jarka, kowa zai gani. Ta ce, “In na ce jarka ce, sai a ce wa ya kawo ta. Ni tsohuwa ce, kwana nawa ya rage min? Shi kuwa yaro ne, Ƙasimu ba zai bar shi ba. Ban ba shi nonona don in miƙa shi ga wuƙa ba.” Sannan ta ce ai ita ma ba wankakkiya ba ce, hannunta ne ya miƙa wa Sa'adatu kofi, har da ƙari don yarinyar ta iya gaisuwa.

Na durƙusa na roƙe ta gafarar ranar da na janye Yusra. Ta ce uwa ce ni, da ban janye ba da ta yi mamaki. Ta kuma sa na yi mata alkawari ba zan faɗa wa kowa ba, har kai ta ce kada in gaya wa ta sani. Wannan rabin na karya.

Ka ce maganar za ta mutu da kanta. Ga yadda ta mutu. Nawa laifin na sani, ni na ara mata, zan kwana da shi har in mutu. Huɗun nan suna rumbu, ban binne su ba, ba kuma zan binne maka ba. Bakina kuwa a rufe yake, ba don kai ba, don ita ta roƙe ni.

Ranar Asabar in an tashi daga kasuwa Inuwa zai ɗauke ta. Na tambaye shi inda zai kai ta, ya ce dagaci cewa ya yi ya sauke ta a tasha.

Uwani

*

Nassarawa GRA, Kano
21 ga Satumba

Ƙanwata Uwani,

Sallama. Ina gaishe ki, ko ba ki amsa ba.

Takardar mai kifi ta same ni tun ranar takwas ga wata. Na karanta tsallaken, na san dalilin tashin yaran, na kuma san akwai kwalekwale. Sau biyu na je tasha na dawo. Na yi ta ba ciyawa ruwa ina ce wa kaina Uwani za ta gyara. Gara ki ji wannan daga bakina.

Ɗazu da na gama karanta taki na shiga wajen Hajiya na faɗa mata komai. Ta tambaye ni sunan yarinyar da ta rasu. Ban san ko ina da sauran aiki a gidan nan ba, ban kuma tambaya ba. Ameera ta rubuta takarda zuwa ga ma'aikacin Garin Liman, da sunan maganin da yadda za a riƙa duba yaran.

Inuwa na ɗauke da takarda uku. Taki, da ta Ameera, da wadda na rubuta wa Malam Falalu da sunana a ƙasa, na roƙe shi ya karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a. Tasa na fara miƙawa, na ce wa Inuwa ko na biyo shi da gudu ina kuka kada ya dawo min da ita. Na san halina. In na shiga mota da maganar a bakina, kafin mu wuce Gezawa na haɗiye ta.

Zan taso Juma'a da sassafe, in Allah ya yarda in tsaya kusa da liman lokacin da yake karantawa. Ki sa maigidanki ya tono biyun nan na gindin zogale, ya haɗa da huɗun ya kai ƙofar masallaci. Ya rufe hannunsa da leda kafin ya taɓa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Tsoro nake ji, Uwani, irin wanda ban taɓa ji ba. Ban san me Ƙasimu zai yi ba, ban kuma san me zan ce masa ba in ya tsaya a gabana. 'Yarsa ce, yana da haƙƙin ya san abin da ya kashe ta.

Kada ki gaya wa Inna zan zo, za ta aiko a tare ni a hanya. Ki dai je ki zauna da ita, ki tafi da Yusra, ki bar ta ta shiga da kanta. In Inna ta tafi alwala, ki kwance ƙullin kayan nan ki mayar da kowanne inda yake.

Yayanki,
Shu'aibu